Kaza Ce Ko Zakara: Yadda Ake Yanke Wa Tsako Hukunci Ba Tare Da An Sani Ba

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kafin watan nan ya mutu za a riƙa aiko maka da tsaki har gida daga unguwannin da ba ka taɓa takawa ba. Za a shimfiɗa maka tabarma, a dama maka fura, a yi shiru har ka gama magana. Ban ce za ka iya bambance kaza da zakara tun suna tsaki ba. Wannan wani ilimi ne daban, masu shi ba su da yawa, kuma ba su cika samun fura ba. Abin da zan koya maka shi ne yadda jama'a za su yarda ka iya.

Sunana Almu, ina zaune a Kambarawa. Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa likitocin dabbobi a wata ma'aikata, ƙauye zuwa ƙauye, su a baya da akwatin allura, ni a gaba da sitiyari. Ko ɓera ban taɓa yi wa allura ba. Amma wanda ya ga ka fito daga motar likitoci sau ɗari, a na ɗari da ɗaya Likita zai kira ka, ni kuwa mutum ne da ba ya son ƙaryata jama'a. Na yi ritaya da sunan, tare da wata farar riga da wani ya manta a but ɗin motar.

Mataki na 1: Ka fara da riga

Tsako bai san riga ba, amma mai tsako ta sani. Fara za ka nema, mai aljihu a ƙirji, ka soka biro biyu, ja da shuɗi. Idan ba sa rubutu ya fi, don kada wani ya ce ka rubuta masa sakamako. Abin da aka rubuta ba ya canzawa, kai kuwa nan gaba za ka buƙaci canji.

Ka haɗa da tocila. Ko da rana tsaka ce ka kunna ta. Na daɗe da lura cewa mutane sun fi yarda da abin da aka gani da tocila a kan abin da rana ta nuna musu kyauta.

Mataki na 2: Kada ka karɓi aikin dangi

Baƙo idan ka yi masa kuskure, hanya kawai za ka canza. Dangi kuwa kuna tare a suna, kuna tare a biki, kuna tare a makoki. Doka ce babba, kuma na san girmanta ne saboda na karya ta.

Gwaggo Mairo ƙanwar mahaifina ce, tana Ƙofar Kwaya, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da mahaifiyata ta rasu. Tana da wani irin kaji wake-wake masu tukku a ka. Daga uwarta ta gaje su, uwar kuma cikin kwando ta zo da ta farkonsu ranar da aka kawo ta birni daga ruga. A gidan akwai ƙa'ida: macen irin ba a yanka ta sai ta daina ƙwai, zakarun kuwa na masu jego ne. Duk 'yar gidan da ta haihu, romon zakaran gida za ta fara sha, ba na kasuwa ba.

Bara annoba ta shiga akurkin Gwaggo ta share shi cikin kwana biyar. Tsaki biyu kaɗai suka tsira, sun kusa wata uku, kamarsu ɗaya, tukkun ya rufe musu zanko ruf. Ana cikin haka jikarta Hadiza ta haihu ta zo wanka gida. Dole a yanka ɗaya. Idan namijin aka yanka, iri ya ci gaba. Idan macen ce, kajin da suka shekara tamanin suna tono a tsakar gidan nan sun ƙare kenan. A da daga bakin ɗaki Gwaggo take hango tsako ta faɗi ko mene ne, amma yanzu yanar tsufa ta rufe mata ido. Shi ya sa ta aika a kira mata ɗanta Likita.

Mai hankali da ya ce ba ya gari. Ni na sa riga na tafi.

Mataki na 3: Ka ja gaisuwa

Nan Katsina Allah ya hore mana gaisuwa mai tsawo, to ka mori abinka. Ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi gida da iyali da mai jego da jinjiri, ka gangara kan ruwa da sauro da ciwon gwiwa. Ba don ladabi kaɗai ba. Bakinka na gaisuwa, kunnenka na kan mutanen gida, domin sau da yawa cikin surutu wata za ta ce, "Wancan mai faɗan ne ya kifar da ruwan." Ka ga ka samu amsa tun ba ka taɓa tsako ba.

Ran nan ban yi sa'a ba. Tsakar gida cike da mata 'yan barka, ga matata Sa'adiya a gaban murhu, ga maƙwabciyar Gwaggo, Hajiya Asabe, wadda tun ina yaro ba ta taɓa yarda da wata magana tawa ba. Na ja gaisuwa har na dawo kan kwana karo na biyu, babu wadda ta ce uffan game da tsaki.

"Almu, gaisuwar ta isa hakanan," in ji Gwaggo. "Ga su can ƙarƙashin kwando. Idona ba shi gani sai dishi-dishi. Ka duba mani wace ce macen, in bar ta."

"Gwaggo, ai wanga ƙaramin aiki ne."

"Awo," in ji Hajiya Asabe tana gyara zama. "Mu dai muna kallo."

Mataki na 4: Ka wahalar da tsakon

Gwaji ba don tsako ake yin sa ba, don 'yan kallo ne, saboda haka ka ba su abin kallo. Ka kama ƙafafunsa ka juya shi kai ƙasa. Idan ya ɗago kai, ka ce "uhm". Idan bai ɗago ba, ka ce "uhm". Ka buɗe fiffike ka ƙirga gashin ƙasa-ƙasa, ka ɓata lissafi da gangan, ka sake daga farko. Sannan ka haska tocila ƙarƙashin wutsiya ka daɗe kana leƙe. Babu abin da za ka gani a can sai abin da kowa ya san yana can. Sai dai ka matsar da rigarka, domin tsako a tsorace ba ya jin nauyin farin kaya. Ɗaya daga cikin na Gwaggo a aljihu ya sakar mani, daidai kan biro ja.

Akwai kuma gwajin hula. Ka ajiye su ƙasa, ka wurga hularka sama ta gifta kansu kamar shirwa. Wanda ya tsaya ya ɗaga kai namiji ne, wadda ta ruga mace ce. Daga bakin wani likita na ji wannan a mota kan hanyar Mashi, ko da yake yanzu da nake tunawa, dariya suke ta yi lokacin da ya faɗa. Na wurga hula. Duka biyun suka ruga ƙarƙashin gadon mai jego, hular kuma ta sauka cikin bahon wanka.

Za ka ji masu ilimin gaske suna cewa a duba kaurin ƙafa, da jan zanko, da tsinin gashin wuya. Ka haddace don ka riƙa ambata. Amma kada ka dogara da su, domin suna buƙatar ido da haƙuri da shekaru, kai kuwa riga kawai gare ka.

Mataki na 5: Ka riƙe kalmar kaza hannu biyu

Matso, nan asirin sana'ar yake.

Hausa ta yi mana gata da kalmar kaza. Kaza mace ce, ban musa ba. Amma je wurin mai gashi a bakin titi ka ce ya naɗe maka kaza, ka gani ko zai tambaye ka mace ko namiji. Akurkin kaji ake cewa ko da zakaru ne zalla a ciki. Kenan kowane zakara kaza ne ta wani ɓangaren, alhali babu kazar da ta taɓa zama zakara. Don haka kada bakinka ya kuskura ya furta "mace". Ka ce "kaza ce", ka ja bakinka ka rufe. Idan ta yi ƙwai, kai ka faɗa. Idan ta yi cara, ai ba agwagwa ka ce ba.

Idan aka matsa maka da neman dalili, akwai ɗaya kazar, wadda ba ta da fiffike. Ka ce, "Saboda alamomi kaza da kaza." Na sha ganin mutane suna gyaɗa kai a kan wannan jawabin kamar sun ji wani abu.

In kuwa ta waya aka turo maka hoton tsako, ka rubuta "tsakuwa ce". Ranar da abu ya ɓaci, ka ce kai ɗan dutsen da ke gefen hoton kake nufi.

Mataki na 6: Ka yanke hukunci da babbar murya

Jinkiri na wurin gwaji ne. Wurin hukunci kada ka yi ko tari.

Da aka zaƙulo su daga ƙarƙashin gado, na riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kaina fayau, wallahi babu komai a ciki. Sai na lura na hagun shi ne wanda ya ɓata mani riga. Na ce a raina irin wannan rashin kunya sai namiji.

"Wanga zakara ne," na ce, na ɗaga shi sama. "Wagga kuwa kaza ce."

"Mi ka gani?" in ji Hajiya Asabe.

"Alamomi kaza da kaza, Hajiya. Abu ne na ofis."

Sa'adiya ta bi matan da kallon nan na kun dai ji mijina. Gwaggo ta ce in miƙo mata su. Ta riƙe su a cinya na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mani na hagun ta ce in yi bisimilla.

Ka yanka da hannunka, kuma ka tsaya har a fige a sa a tukunya. Rabin shaidun da za a iya kafa maka kenan sun dahu. Idan an zubo maka ka ci, domin ƙin ci alamar shakka ce. Ni cinya aka ba ni. Na tauna a hankali, na sanar da matan cewa naman namiji daban yake, akwai ƙarfi. Naman kuwa narkewa yake a baki, amma wannan tsakanina da kai ne.

Wadda aka bari Gwaggo ta raɗa mata suna Magajiya. Ta ce daga yau ba dusa za a riƙa ba ta ba, gero.

Mataki na 7: Ka tanadi bayani ga kowace alama

Tsakanin hukunci da bayyanar gaskiya kana da kamar sati shida. Kada ka ɓace, ɓacewa tana jawo zargi. Ka riƙa leƙawa da sunan duba lafiyar tsako, don ka riga kowa ganin abin da ke tafe.

A sati na biyu ƙafafun Magajiya suka yi kauri. Na ce gero ne. A na uku zanko ya leƙo ta gaban tukku, jawur. Na ce alamar wadatar jini ce, za ta yi ƙwai har a rasa wurin zubawa. Sa'adiya da ta ji haka ta ɗauko tsohon kaskonta daga Kambarawa, ta zuba yashi mai laushi, ta ajiye a kusurwar akurki, ta kuma yi wa mata uku alkawarin ƙwan iri. Da wutsiya ta yi tsawo ta lanƙwasa, na tuna wa kowa cewa asalin kajin nan daga ruga suke, tsayi da ado a jininsu yake.

Wanda ya ɗan ba ni wuya shi ne ranar da Magajiya ta tare kazar maƙwabta a bakin zaure ta yi mata abin da ba zan rubuta ba. Hajiya Asabe tana tsaye da buta a hannu.

"Wasa ne na ƙuruciya, Hajiya," na ce. "Haka suke yi."

"Halan," ta ce. "Ni dai ɗiya takwas na haihwa, na san wasan."

Gwaggo kuwa duk tsawon lokacin nan harkar gabanta take yi. Gero take watsawa tana kiran Magajiya.

Mataki na 8: Ranar cara, ka mallaki fuskarka

Ka roƙi Allah ya sa ya fara da asuba, lokacin da kowane gida zai ɗauka na maƙwabta ne. Nawa bai yi mani wannan alfarmar ba. Ranar da Hadiza ta yi arba'in, bayan la'asar, matan nan dai sun sake taruwa ana rabon dambu. Ina tsugune ina gaida Gwaggo, sai Magajiya ta ɗare kan turmi, ta miƙe wuya, ta buga fiffike, ta saki wata cara a shaƙe kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Sau uku ta yi, don kada wata ta ce ba ta ji ba.

Ludayi ya tsaya a hannun Sa'adiya.

"Likita," in ji Hajiya Asabe a hankali, "halan ta baki irin naku ke yin ƙwai?"

Nan za ka ci moriyar Mataki na 5. Kada ka yi dariya, kada ka yi fushi, ka yi fuskar malamin da ɗalibai suka ba kunya.

"Hajiya, mi na ce ran nan? Kaza na ce. Akwai wadda ta ji na ce mace?"

Aka kalli juna. Wata ta ce gaskiya ita dai kaza ta ji. Wata ta ce ai kowa ya san abin da ake nufi da kaza. Wata ta ce to in haka ne, me ya sa mijinta yake shigowa da zakara ya ce ga kaza a dafa? Kafin ka ce mene ne wannan tsakar gida ta rabu biyu, ana ta musu a kan ko zakara kaza ne, an manta da ni. Sa'adiya kuwa miƙewa ta yi. Ta shiga akurki ta ɗauko kaskonta, ta zubar da yashin, ba ta kalle ni ba.

Mataki na 9: Ka fita tare da jama'a

Wannan ya fi kowane mataki muhimmanci. Musun nan ƙofa ce aka buɗe maka, ka bi ta. Ka nemi takalminka tun ana hayaniya. Duk abin da za ka yi, kada ka bari gida ya watse ya bar ka kai kaɗai da mai kazar.

Ni ina saka takalmi na ji ta ce, "Almu, zamna."

Na zauna. Mata suka fita ɗaya bayan ɗaya, Hadiza ta shige ɗaki da jinjirinta. Ya rage daga ni sai Gwaggo, sai wancan ɗan banzan a kan turmi yana gyara gashi.

"Gwaggo," na ce, "ai zakaran ma iri ne. A samo mashi mace, shi kenan."

"Mu ta uwa muke ƙirga su. Inna ta ba ni, ni kuma in ba Hadiza."

"Kuskure ne na aiki, Gwaggo. Ko manyan likitoci..."

"Ba kuskure ba ne, Almu, ba ka sani ba ne. Tun ranar da ka aza mani su bisa cinya na shahwa ƙahwahunsu na gane. Idona ne ya tahi, hannuna yana nan."

"To don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Gaban Asabe? Gaban matarka, tana kallonka baki har kunne? Ni na goye ka. Na auna kazar, na auna ka, sai na miƙa maka wuƙa."

Da zagina ta yi da na samu abin cewa, domin zagi ina da maganinsa kala-kala. Wannan kuwa babu kalmar da zan ɓuya a bayanta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ina zaune da furfurata da farar rigar wani, a gaban tsohuwar da ta ba da gadon uwarta don kada a yi mani dariya na yini ɗaya. Ta tura mani kwanon dambu da ƙafa ta ce in tafi wa iyali da shi.

Mataki na 10: Kada ka yi yunƙurin gyara

Zuciya za ta raya maka ka nemo madadi. Kada ka saurare ta. Ni na saurara, na bi kasuwannin ƙauye ranar cinsu, Charanchi, Kaita, Mashi, ina neman 'yar tsakuwa wake-wake mai tukku. Irin ba ya samuwa da sauƙi, amma sau huɗu ina dacewa. Kowane karo sai na duba da kyau, har da tocila, in kawo wa Gwaggo in aza mata a cinya. Sai ta shafa ƙafa, ta shafa wuya, ta yi ɗan murmushi.

"Zakara ne, Almu. Sake shi cikin 'yan'uwa."

Yanzu zakaru biyar ne a gidan. Magajiya, wanda ya koma Magaji, shi ke jan baƙi, sauran su amsa. Hajiya Asabe ta aiko mani da saƙo ta bakin Sa'adiya cewa tana gode wa Likita, unguwa ta daina makara.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan aiki da ita. Idan ka yanka kaza ka bar zakara, hannunka ne ya riƙe wuƙar. Idan tsako ya ɓata maka riga, tsakaninka da shi ne. Idan matarka ta daina kallon mata idan kana magana, ta koma kallon ƙasa, ban san zancen ba. Mazauna Ƙofar Kwaya masu ƙorafin cara su kai kukansu ga zakarun, suna nan a gida kullum. Ma'aikatar da na yi wa aiki tuƙi kawai ta koya mani, kuma ko shi ba ita ta fara ba. Wanda ya manta riga a but ya zo ya karɓi abinsa, an wanke.

Sai dai idan kana da budurwar kaza wake-wake mai tukku, ka neme ni a Kambarawa bayan la'asar. Na san ba za ta zama jikar waccan ta cikin kwando ba, Gwaggo ma ta sani. So nake kawai a sake jin kyarkyara a tsakar gidan nan tun tsohuwar tana da kunnen ji. Amma ta kasance wadda ta riga ta fara ƙwai, ka gani da idonka, ka zo mani da ƙwan a hannu. Kada ka kawo mani tsako. Ban iya gane su ba.